Ramuka Uku a Bangon Ɗakinmu

Kafin a ɗauke ni aikin tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a wurin ginin lakwal, makarantar boko, a Dumega, ban taɓa sanin buhun siminti yana da takardar haihuwa ba. Ni kaina ba ni da ta kirki. Abin da aka rubuta a tawa shi ne an haife ni wajajen shekara kaza, don Inna ba ta riƙe komai ba sai cewa ana cikin yankan gero. Amma ga siminti, ga kwanon rufi, ga fenti, kowanne ya iso da takardunsa cikin faransanci shafi-shafi, sai ka ce mai shirin tafiya Makka.

Masu ba da kuɗin ginin ne suka kafa wannan sharaɗi, kuma wadda aka turo ta tsare shi wata injiniya ce daga Yamai, gajeriya mai tabarau, muna ce mata Madam. Makullan magaza suna hannuna, amma ko ƙusa ba ta shiga sai ta ga takardarta. Na yi lakwal gwargwado, ina karanta faransanci ko da da ƙyar, don haka wata rana da zaman banza ya ishe ni na buɗe ta siminti. An faɗi abubuwan da aka haɗa aka yi shi, da inda aka haƙo su, da yawan wutar da aka ƙona, da ruwan da aka sha, da hayaƙin da aka sakar wa sama, har da abin da zai zama ranar da aka rushe ginin. A shafin ƙarshe akwai hatimi da sa hannu.

Na tambayi Madam ko hatimin na masu yin simintin ne. Ta ce a'a, na wasu ne daban waɗanda ba su da ko buhu ɗaya a cikin cinikin, aikinsu kawai su je su duba ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Ta ce takardar ba ta rantse cewa kayan masu kyau ne ba, ta dai faɗi abin da suke. Sannan ta ƙara da wata magana da na ɗauka a lokacin iyayi ne irin na ƴan boko.

"Maganar mai kaya ba ta isa shaida, malam. Sai wani ya duba."

Ni mutum ne mai baki, ban ɓoye ba. Ranar da ta mayar da mota guda ta fenti saboda babu takarda, direba yana ta rantsuwa yana zufa, na yi ta ƙunƙuni har yamma. Kakanninmu sun gina rumbunan da suka fi mu daɗewa a duniya, wa ya buga musu hatimi? Duk ranar Alhamis da na hau babur na koma gida Dogon Dutsi, labarin da nake kai wa iyali ke nan. Ina ɗora ɗan kara a hanci a matsayin tabarau, in ɗaga tuwo in ce ba zan ci ba sai na ga takardarsa, kuma maganar mai tuƙi ba ta isa shaida, sai wani ya duba. Maiɗakina tana dariya har da riƙe ciki. Inna, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar babanmu, sai ta ce in bar yi da mutane, tuwo na hucewa.

Mu uku ne kawai a gidan. Shekararmu takwas da aure ba ɗa ba ɗiya. Sau ɗaya aka samu ciki ya zube yana wata uku, tun daga nan ba a ƙara ta da maganar a gabana ba, ni ma ban tayar ba.

A ranin shekarar gara ta shiga ɗakinmu. Ginin birgi ne, wato tubalin laka, irin na kowa a unguwarmu. Garar ta biyo ta cikin bango ta huda bayan akwatin maiɗakina, ta cinye zannuwa huɗu, har da wanda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta. Ba ta yi kuka a gabana ba, ta dai zauna ta daɗe tana jujjuya tsumman. Abin ya ci mini rai, na ce a zuciyata sai na ga bayan garar nan.

Sati biyu bayan haka ita da Inna suka tafi biki Ɗan Kassari, garin iyayenta, za su yi kwana bakwai. Ranar kasuwa na je wurin masu sai da maganin ƙwari. Wani mai shimfiɗa a ƙarƙashin rumfa ya buɗe mini bakin wani buhu marar rubutu, cike da gari mai launin toka, warinsa yana shiga ido. Ya ce wannan daga ƙetaren iyaka ya zo, in na kwaɓa shi da laka na yaɓe bango, ko jikar gara ba za ta leƙo ba. Ya auna mini gwangwanin tumatir shida. Ban tambaye shi sunan maganin ba. Ni da nake wuni cikin takardun kaya, ko a raina ban ji ya kamata in tambaya ba.

Da ni da wani magini abokina muka yi aikin cikin kwana biyu. Ya ɗaure hanci da rawani, ni kuwa na ce ni ba rago ba ne, sai da kaina ya yi ta sarawa har washegari. Muka yaɓe cikin ɗakin kaf, daga ƙasa har inda azara ta hau. Kaji biyu na Inna suka yi kiwo a inda muka kwaɓa lakar, kafin la'asar na same su a miƙe bayan rumbu. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne murna na yi, na ce lalle ba a cuce ni ba, magani yana da ƙarfi. Na binne kajin, na share wurin. Da matan suka dawo warin ya tafi, na ce muzuru ya kama kaji, bango kuwa sabon yaɓe na yi don toshe hanyar gara. Ban ambaci garin ba. Ina gudun faɗan Inna a kan kajinta, kuma a tarbiyyar da na taso namiji ba ya zama yana lissafa wa mata abin da ya zuba a laka.

Su ma suna da nasu abin da ba a gaya wa namiji. Maiɗakina ta samu ciki a daidai wannan lokaci, kuma ita da Inna suka shirya rufe shi har ya yi ƙwari, saboda bakin mutane da abin da ya faru a na farko. Ni kwana biyu nake yi a gida cikin sati, idona a kan aiki. Na ga tana rama, tana yawan tofar da yawu, wani lokaci ta ɗaure kai da kallabi ta kwanta. In na tambaya sai Inna ta ce zafin bazara ne. Sai da ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, sannan idona ya gane abin da zane ya kasa ɓoyewa. Ban ce komai ba, don ba a cewa. Na dai shiga sayo hanta da kankana, ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Wata Juma'a da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, na ga ɗigo yana sauka kusa da kan gado. Maiɗakina tana maƙwabta wurin kitso. Na ja gadon ƙarfen don in matsar da shi, sai na ga ramuka uku a jikin bango, ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun mai kwanciya zai kai in ya zura shi ta bayan matashi. Kowanne zai ɗauki bakin ludayi. Da farko na zagi gara, na ce ashe ta fi ƙarfin maganin. Na durƙusa na duba. Gara ba ta barin sawu irin wannan. Layuka ne huɗu-huɗu a jere, sawun farce, kuma wurin da damshi, an yayyafa masa ruwa ba da daɗewa ba.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san mai ciki da cin ƙasa. Na ga yayyena sun yi, na ga matan maƙwabta suna ɓantarar gindin rumbu suna jefawa a baki suna waige-waige. Ba abin mamaki ba ne, har tsokanarsu ake yi. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Kajin nan biyu kawai nake gani, ƙafafunsu a sandare.

Na fita na sami Inna tana tsince wake a inuwa. Na gaya mata komai a tsaye, har da ƙaryar muzuru. Ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi haka ba. Ta ajiye faifan a hankali, waken ya gangaro ƙasa ba ta kula ba. Ta ce ta san yarinyar tana cin ƙasa tun watanni uku da suka wuce, ita ma ta ci lokacin da take da cikina, kuma ta yi shiru ne don ta ɗauka lakar kududdufin unguwarmu ce da kowa ya sani. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

"Kak ka hwaɗa mata. Tsoro kaɗai ya isa ya zubda shi. Ka ji ni ko?"

Na ce na ji.

Da akwai sauran garin, kusan rabin gwangwani, da na ɗaure a leda na soke a rufin zaure. Na ɗauke shi na nufi gidan likita, sashen masu ciki. Ungozomar da na samu babbar mace ce mai yawan aiki, mata sun cika bencinta. Na jira har ta fito wanke hannu, na tare ta na yi bayani murya ƙasa-ƙasa. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta kalli ledar ba ta taɓa ba. Ta ce magungunan ƙwari iri-iri ne, wani jiki yana fitar da shi cikin kwanaki, wani yana zama shekaru, wani yana ratsawa ya kai ga abin da ke ciki, kuma kowanne da abin da ake yi masa.

"Mi a sunanshi? Kawo buhun, ko takardarshi."

Maganar da na yi wata da watanni ina kwaikwayo da kara a hanci, ita ce aka miƙo mini. Na ce ba buhu, ba takarda. Ta ce to ita ba ƴar duba ba ce, ba za ta iya yi wa abin da ba ta sani ba magani. In kawo matar awo ranar Litinin, a hana ta taɓa bangon daga yau, in kuma nemo sunan ko ta halin ƙaƙa.

Ban ci abinci ba ranar. Na koma kasuwa, na sami mutumin a rumfarsa, buhun ya ƙare ya kawo wani. Da ya ga yanayina ya ɗauka ƙara na zo yi, ya fara rantsuwa tun ban buɗe baki ba. Na lallashe shi na ce suna kawai nake nema. Ya ce shi dai maganin gara ya san shi da shi, kuma wani mai babur ne yake kawo masa daga wani ƙauye kusa da iyaka. Washegari na bi hanyar rairayi na nemo mai babur ɗin, babur yana nutsewa ina sauka ina turawa. Ya ce shi ma a wurin wani ɗan kasuwa yake ɗauka a can ƙetare, kuma garin yana zuwa ne a manyan durom, ana juye shi a buhunan da aka samu. Na tambayi durom ɗin, ko akwai rubutu a jikinsu. Ya yi dariya ya ce ai durom ba ya kwana, mata suke saye su zuba ruwa. A nan sawun ya ɓace. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi na rasa inda zan nufa.

Ranar Lahadi na koma Dumega da ledar a aljihu. Girman kai ya sa na yi ta kewaye-kewaye har azahar kafin na tari Madam. Na yi zaton za ta tuna mini ƙunƙunin da na yi ranar fenti, don na san ya kai kunnenta. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta goge, ta tambaye ni wata nawa ne cikin, ta tambayi kajin. Ta ce ido ba ya gane irin wannan, toka-toka ne da yawansu. Ta ɗebi kaɗan a ambulan ta ce za ta kai Yamai ta tambaya, amma kada in sa rai da yawa, don masu awo sai sun san abin da suke nema kafin su nemo shi, kuma mai yiwuwa ma gari biyu ko uku aka gauraya. Ta ba ni hutun kwana huɗu ta ce in je in kankare bangon nan har sai na ga birgi, in jiƙa shi tukuna don kada ya tashi, in rufe hanci, in kai ɓaraguzan nesa da rijiya da dabbobi.

Inna ta riga ta yi nata shirin. Ta ce wa maiɗakina rufin yana yoyo, ta mayar da ita ɗakinta. Ni da abokina magini muka kankare yaɓen, muka loda a amalanken jaki, muka kai can bayan gari gindin tsauni muka haƙa rami mai zurfi. Inna da kanta ta tsaya a kan sabon yaɓen. Ta nuna inda za a ɗebo laka, ta kawo ƙaiƙayin geronmu, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake ƙarfafa yaɓe da ruwansa. Ba abin da ya shiga kwaɓin nan da ba ta san uwarsa da ubansa ba.

Da yamma ta biyu ina wanke hannu a bakin randa, maiɗakina ta zo ta tsaya a kaina. Ranta a ɓace yake, ta ce ba ta ga dalilin wahalar ba, yaɓen da bai shekara ba. Na ce gara ce ta dawo. Ta yi ɗan murmushi irin na wadda aka kama, ta sunkuyar da kai, ta gane na ga ramukan.

"Kai dai ka raba ni da abina, maigida. Duk ƙasar garin ga na ɗanɗana, ba wadda tak kai ta daɗi. Tana da wani ɗaci-ɗaci can ga maƙoshi."

Na ci gaba da wanke hannun da ya riga ya fita. Da a ce na ɗago a lokacin, da ta gani a fuskata.

A wurin awo ungozoma ta riƙe mana sirri. Ta yi wa maiɗakina faɗa a kan cin ƙasa kowace iri, ta ce ƙarancin jini ke kawo shi kuma yana sa tsutsar ciki, ta ba ta ƙwayoyi jajaye. Ta ɗora abin saurare a cikin, ta daɗe, ni ina waje ina leƙe ta taga kamar ɓarawo. Da ta fito ta ce mini zuciya tana bugawa, abin da za ta iya faɗa ke nan.

Watanni huɗun da suka rage ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina Dumega jikina yana magaza, hankalina yana gida. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba in ce me ya sa aka yi shiru. Na daina wasan kara a hanci, maiɗakina ta tambaya ko mun ɓata da Madam ne. In na dawo ranar Alhamis, kafin in cire takalmi sai in kalli Inna, ita kuma ta ɗan gyaɗa kai, ma'ana yana motsi. Da zaman banza ya zo, takardun kayan nan nake buɗewa ina karantawa layi-layi, har na haddace abin da ke cikin fentin da za a shafa wa bangon da ƴaƴan wasu za su jingina. Na san abin da ke cikin kwanon rufin lakwal, ban san abin da ke cikin jinin matata ba. Haushi nake ji, kuma ba wanda zan ji haushinsa sai ni. Garin neman gira na je na rasa ido.

Madam ta cika alkawari ta kai ambulan. Bayan sati uku ta kira ni gefe ta ce wanda ta tambaya ya tabbatar maganin ƙwari ne mai ƙarfi, amma wane ne, ba su da abin da za su rarrabe. Ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin.

An gama yankan gero, ranar wata Talata da hantsi, aka kira ni. Na iso Dutsi ban san yadda na biyo hanya ba. Na sami Inna a gidan likita a kan benci tana jan carbi, ba ta dube ni ba. Ana kiran azahar muka ji motsi ya ƙaru a ciki, sannan shiru. Shirun nan bai fi a ɗebo guga ɗaya a rijiya ba, amma na riga na gama yanke wa kaina hukunci a cikinsa. Sai kuka ya fito, siriri kamar na ɗan akuya.

Mace ce, ƴar ƙarama ƙwarai. Da aka miƙo mini ita don in yi mata kiran salla a kunne, sai da na buɗe zanen na duba yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na duba kunnuwa, na duba baya, matan da ke wurin suna dariya wai angon ƙarni ya ruɗe. Na bi ungozoma har bakin famfo na ce ta gaya mini gaskiya, lafiya lau take? Ta ce abin da ido ke gani lafiya lau. Na ce wanda ido ba ya gani fa? Ta ce wannan sai shekaru sun nuna.

Yau ɗiyata tana da shekara shida. Ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara biyu, Inna ta ce ni ma haka na yi. Magana ta zo mata a makare, maƙwabta suka ce ɗiyan fari haka suke. In ta riƙe alli hannunta yana ɗan rawa, likita ya ce yana ganin haka ga yara da yawa, watakila ya bari. Kowane abu da amsarsa, kuma kowace amsa mai yiwuwa gaskiya ce. Tana da wayo, tana da tsiwa irin tawa. Amma ko zazzaɓin damina ta yi, ko ta yi tuntuɓe a tsakar gida, ni abin da nake gani daban. Ledar nan tana nan cikin gwangwani mai murfi, a can saman azarar zaure inda hannu ba ya kai. Na kasa zubarwa, ina ganin wata rana za a samu wanda zai gaya mini sunansa.

Duk shekarun nan ban gaya wa maiɗakina ba. Da farko don Inna ta hana, daga baya don na rasa ta inda zan fara. Na riƙa ce wa kaina tausayinta nake ji, alhali tsoron idonta nake yi.

Bana Allah ya sake ba mu rabo. Wannan karon ba a ɓoye mini ba, da kanta ta gaya mini tun cikin yana wata biyu, ta fara shan jajayen ƙwayoyinta. Ranar da aka yi ruwan fari, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, ina zaune a ƙofar ɗaki ina gyaran fitilar babur. Ɗiyarmu tana wasa da ruwan da ya taru a gindin indararo, Inna tana ɗakinta. Maiɗakina ta fito daga ɗaki ta tsaya a gabana, ta buɗe tafin hannu. Ɓantaren yaɓe ne ɗan ƙarami, daga bangonmu.

"Wagga ƙasa, mi ag ga cikinta?"

Ba ta taɓa yi mini irin wannan tambaya ba. Na kalle ta, ba fushi a fuskarta, ba kuma wasa. A nan na gane ta sani, kuma ba yau ta sani ba. Ko Inna ce ta gaya mata, ko yadda nake kallon yarinyar ne ya tona ni, ban tambaya ba har yanzu.

Na lissafa mata. Lakar kududdufin unguwa, ƙaiƙayin geronmu, ruwan makuba, ruwan rijiyar gida. Na ce wallahi ba komai bayan wannan, kuma ungozoma ta ce ko wannan ɗin a bari. Na ce in tana so in ci a gabanta. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta rufe tafinta.

"Na ji, maigida. Amma kai kay yi shi, sai wani ya duba."

Ta juya ta ratsa tsakar gida, ta bi ta gefen yarinyar ta shafa kanta, ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna ta yi sallama da ƙasar a hannunta.